Haƙori Ɗaya daga Ramin Zinariya

To, ku gyara zama. Kai mai rediyo, kashe ta, labaran duniya ba guduwa za su yi ba. Abin da na zo muku da shi yau ba na dariya ba ne, kuma ba ni zan warware shi ba. Ni dai in ajiye muku shi a tsakiyar tabarmar nan, ku yi ta ja har ladan ya raba ku. Wanda ya san yana da saurin yanke hukunci ya ɗan riƙe harshensa, don labarin nan ya sha kunyata masu gaggawa.

A wani gari da ake kira Tudun Ƙirya, inda samari suka jingine fartanya suka koma tonon zinariya, an yi wata tsohuwa mai suna Inna Marka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya huɗu. Babbansu Mamuda, mahaƙi ne, ƙarfi kamar me, magana kuwa sai an roƙa. Uwar ko sunansa ba ta faɗa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce “Babba”. Mai bi masa Hansatu, tana aiki a ɗan asibitin garin, ita ke allura da wankin ciwo. Sai Sirajo, wanda ya yi boko mai zurfi, yana can birni a ɗakin gwaje-gwaje inda ake binciken jini. Autansu Sabitu shi ne ɗan lelen tsohuwa. Kowa ya san haka, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi a cikin yayyensa, don yaro ne mai shiga rai.

Wata Laraba cikin marka, babban ramin zinariya ya rufta da mutane a ciki. Aka tono gawa uku cikin kwana biyu, sannan ruwa ya cika ramin, aka haƙura. Ba wanda ya san ko mutum nawa suka rage a ƙasa, domin baƙi ne ke zuwa daga ko'ina, wani ko sunansa ba a sani ba sai laƙabi. Tun daga ranar ba a sake ganin Sabitu ba. Mutum biyu suka ce sun ga saukarsa ramin da fitila a goshi. Wani direba kuma ya rantse ya gan shi a tasha da jaka a kafaɗa, ya shiga motar masu zuwa tonon zinariya can cikin sahara, kuma gaskiya ne yaron ya daɗe yana maganar tafiyar nan.

Kun ga inda masifar take. Da an kawo wa Inna Marka gawa, da ta yi kukanta ta share hawaye kamar kowace uwa. Da wasiƙa ta zo, da ta jira. Ba ta samu ko ɗaya ba. Masu zuwa gaisuwar mutuwa ta sallame su daga bakin ƙofa, ta ce ba a yi mata rasuwa ba. Masu cewa yana raye kuma ta tambaye su, to me ya hana shi aiko da ko gaisuwa? Kullum da yamma sai ta zuba tuwonsa a kwano ta rufe, da safe ta ba maƙwabta. Shekara uku tana haka, har ta rame ta koma kamar sillen kara. Rannan ta tara ukun nan ta ce, “Ba na roƙon ku dawo mini da shi, wannan ba a hannunku yake ba. In yana raye ku ce mini yana raye. In ya mutu ku faɗa mini inda yake kwance, in san inda zan fuskanta in yi masa addu'a. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku bari in tafi ban sani ba.”

Bari in fara da Mamuda. Da rani ya yi nisa, ruwan ramin ya ja baya, sai ya ɗauki diga da igiya. Ba wanda ya yarda ya sauka da shi, don ramin da ya taɓa cin mutane ba a wasa da shi. Da ƙyar ya samu mutum biyu masu riƙe masa igiya daga sama. Kwana goma sha tara yana sauka da hantsi, yana fitowa da la'asar. Da ya fara cin karo da ƙashi sai ya ajiye digar, wai kada ƙarfe ya karya ɗan'uwansa, ya koma tono da hannu. Tsakuwa ta tsattsage masa tafuka, farce biyu suka fita, jini yana zuba yana ci gaba. Ya tattaro ƙasusuwan mutum ɗaya, ba su ma cika ba: haƙarƙari, ƙasusuwan ƙafa, da muƙamuƙin ƙasa da 'yan haƙora a jiki. Sutura kuwa ƙasa ta cinye. Ya tuɓe rigarsa da ta jiƙe da gumi ya naɗe su, ya ɗaura wa igiya aka ja. Shi kuma yana cikin hawa, gefen ramin ya zube masa a ƙafa. Aka jawo shi da karaya, ramin ya sake rufewa a bayansa, kuma har yau ba a ƙara buɗe shi ba.

Aka ce a kai shi birni a duba ƙafar, ya ce ko kusa. “Ni na tono shi, ni zan wanke shi, ni zan ga an rufe shi.” Haka ya zauna a ƙasa da karyayyiyar ƙafa, aka kawo ruwa da ganyen magarya da kafur, ya bi ƙasusuwan nan ɗaya bayan ɗaya yana cuɗawa da tsagaggun hannuwansa, yana kuka ba sauti. Waɗanda suka tsaya a kansa sun ce sau uku ana canza ruwan, duk yana yin ja. Jinkirin nan na kwana biyu ya sa ƙafar ta ruɓe, daga baya aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Sai Hansatu. Kafin a yi wankan nan, yayin da ake neman liman da likkafani, an shimfiɗa ƙasusuwan a wani ɗaki na asibitin, aka bar ta ita kaɗai tana gadi. Ku tuna ita ta goyi Sabitu, a bayanta ya yi wayo. Ta dubi abin da ke kan tabarma, ta ga gobe za a kai shi rami, ba za ta ƙara ganin komai nasa ba. Safar hannu sabuwa ce a hannunta, irin ta aikinsu. Ta kama muƙamuƙin, ta girgiza ɗaya daga cikin turamen haƙora har ya fita. Ta naɗe shi a farar takardar da suke ƙulla magani, ta sa a gwangwani, ta kai ƙasan akwatinta. Ta san abin da malamai suke faɗa, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya na mai rai ne. Ta san in aka ji, sunanta ɓarauniyar gawa. Ba ilimi ya sa ta yi ba, ba dabara ba, kewar ƙaninta ce kawai. Ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta.

Da aka je wa Inna Marka da labari, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Ƙashi ba shi da fuska. Da me zan san nawa ne?”

Nan Sirajo ya shigo. Ya iso washegari da safe, ya tarar an riga an yi wanka an sa likkafani, jama'a suna tsaye a rana suna jiran salla. Ya ce akwai gwajin da zai raba gardama, in an ba shi ɗan guntun ƙashi da jinin Inna. Liman ya ɓata rai, dattawa suka yi gunaguni. Daga ƙarshe liman ya ɗaga gefen likkafanin kaɗan, ya zaro wani guntun haƙarƙari ya miƙa masa. Sirajo ya san haƙarƙari shi ne mafi rauni, ƙashi ne mai ƙofofi da ke shan duk abin da ya taɓa shi. Ya san haƙori ya kamata ya nema. Amma ya ɗaga ido ya ga fuskokin sa'o'in ubansa, ya ji nauyin ya ce a buɗe a ciro haƙori a gabansu. Ya karɓi abin da aka ba shi ya ce na gode. Aka yi salla aka binne mutumin ba suna.

Yanzu bari in ɗan bayyana muku gwajin, don na ga Malam Buhari ya fara hamma, kuma in bai gane nan ba, anjima shi zai fi kowa ɗaga murya. A jikin kowane ɗan Adam akwai wani rubutu da Allah ya ajiye, likitoci suna kiransa DNA. Rabinsa daga uwa, rabinsa daga uba. Yana cikin jini, yana cikin yawu da gumi, yana cikin ƙashi. Akwai na'urar da ke karanta shi. Amma na'urar ba ta karanta ƙashi, ba ta karanta jini yadda yake. Sai an fara tato rubutun an raba shi da datti, kamar yadda mutanen Tudun Ƙirya suke wanke kwando guda na ƙasa don su samu zinariya cikin cokali. A wurin tatar nan duk aikin yake. In an tato kaɗan, na'ura ta karanta rabi ta tsaya. In an tato da datti, ta ƙi karantawa sam. In kuwa aka tato na wani, to na wanin za ta karanta, ta ba ka amsa mai kyau ba ko tangarɗa. Ita ba ta san mai rai ba, ba ta san matacce ba.

Ƙa'idar aikin ita ce a kankare bayan ƙashi, a wanke shi da sinadarin da ke kashe duk abin da ya manne daga waje, sannan a niƙa cikinsa. Sirajo ya duba guntun da ke hannunsa, ɗan ƙarami, yana marmashewa. Ya ji tsoron in ya kankare sosai ba abin da zai rage. Ga Hansatu tana bugo waya kullum, Inna ba ta ci ba, Inna ba ta yi barci ba. Ya goge sama-sama ya niƙa. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da. Abin da ya tato ya fito da yawa, tas da shi, na'ura ta karanta tun daga farko har ƙarshe. Ya haɗa da na jinin Inna, ko'ina ya dace: wannan namiji ne, kuma ɗan matar nan ne. Bai jira wani ya sake dubawa ba, ya ɗauki waya ya ce, “Yaya Hansatu, ki gaya wa Inna shi ne.”

Ranar Inna Marka ta yi kukan shekara uku. Ta buɗe ƙofa ta karɓi gaisuwa, aka yi sadaka, aka kafa alama a kan kabarin. Ta wanke kwanon Sabitu ta kife. Ta koma cin abinci, har kumatunta suka ɗan ciko. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauki kujera ta zauna a tsakar gida tana fuskantar gabas, wajen maƙabarta, tana jan carbi. Da aka dawo da Mamuda daga asibiti da sanda, ta dafa kansa ta ce, “Mamuda, Allah ya yi maka albarka.” Wannan ne karo na farko da ya ji sunansa a bakin uwarsa, yana da shekara arba'in da huɗu. Wata biyar tsohuwar nan ta yi cikin kwanciyar hankali, kuma ina so ku riƙe watannin nan biyar a ranku.

A cikin watannin ne Hansatu ta buɗe gwangwaninta wata rana don ta ga ƙaninta. Ta kai haƙorin bakin taga, sai ta ga gindinsa ja, irin jan da goro ke bari a bakin wanda ya shekara yana ci. Sabitu kuwa ko warin goro ba ya so, in ya ci sai ya yi amai, duk gidan sun sani. Ta ce wa ranta wataƙila jar ƙasar ramin ce. Ta leƙa tsakar gida ta ga uwarta zaune da carbi, fuska a sake. Ta mayar da haƙorin, ta rufe akwati, ta ja bakinta ta yi shiru.

Shi ma Sirajo wani abu yana cin sa. Ya daɗe a aikin nan, ya san ƙashin da ya shekara uku a cikin ruwa da laka, abin da ake samu a cikinsa ɗan kaɗan ne, a gutsuttsure, kamar tsohuwar takardar da gara ta ci. Nasa kuwa ya fito cikakke kamar na jinin da aka ɗiba da safe. Da farko ya ce sa'a ce. Amma duk lokacin da ya tato wani tsohon ƙashi a wurin aiki ya ga yadda yake fitowa a wahalce, sai ya tuna nasa. Da ya zo gida babbar salla, suna cin tuwo kwano ɗaya da Mamuda, idonsa ya faɗa kan tafukan yayan nasa, duk tabo. Ya ce, “Yaya, wa ya yi wa Sabitu wanka?” Mamuda ya ce, “Wa kake so ya yi? Ni mana.” Sirajo ya ajiye lomarsa. Ya ce zai duba masa lafiya, ya goga auduga a cikin kumatunsa ya tafi da ita.

Abin da ya fito daga yawun Mamuda da abin da ya fito daga ƙashin nan iri ɗaya ne, ba bambanci ko na ɗigo. 'Yan'uwa biyu kuwa, in ba tagwaye masu kama ɗaya ba, ba sa taɓa zama haka. Na'ura ba ta yi ƙarya ba. Ta ce ɗan Inna Marka ne, kuma ɗanta ne, sai dai mai rai, mai ƙafa ɗaya. Jinin Mamuda da guminsa da hawayensa ne suka shige ƙashin, su Sirajo ya tato.

Ya dawo ya kira yayyensa biyu zaure ya faɗa musu. Mamuda ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, “Wato ni na ɓata.” Sirajo ya ce, “Ni na ɓata, Yaya. Ni na san ƙa'ida na tsallake.” Mamuda ya ce, “To yanzu shi ne ko ba shi ba ne?” Sirajo ya ce bai sani ba, guntun ya ƙare, kuma ba mai barin a tone kabari. Da akwai haƙori, wanda hannu bai taɓa ba, da an gane. Hansatu ta tashi ta shiga cikin gida, ta dawo da gwangwani ta ajiye a tsakaninsu. Ta faɗi yadda ta samo shi, ta faɗi jan da ta gani da watannin da ta yi tana ɓoyewa. Mamuda ya ɗaga sandarsa kamar zai dake ta, sannan ya ajiye. Sirajo ya ce mata, “Yaya, in na yi aiki da shi, niƙe shi zan yi. Ba abin da zai dawo miki.” Ta ce, “Ɗauka. Na gaji da shi.”

Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya wanke bayan haƙorin sau uku, ya shanya, ya niƙa shi gari. Tatar farko ta fito da dattin ƙasa, na'ura ta ƙi karantawa. Ya sake tacewa, yana kallon abin yana raguwa a hannunsa, ya san in wannan ya salwanta shi ke nan. Kwana goma sha ɗaya yana kai. Abin da ya rage ya raba biyu, ya ba wata babbarsu a wurin aiki rabi, bai gaya mata ko na wane ne ba. Nata da nasa suka fito daidai. Rubutun a yayyage yake, da giɓi a wurare, yadda na tsohon ƙashi ya kamata ya kasance. Amma abin da ya karantu ya isa: namiji ne, kuma a wurare bakwai ba shi da komai na Inna Marka. Mutumin da ke kwance a kabarin Sabitu ba Sabitu ba ne.

Suka sake haɗuwa a zaure. Mamuda ya ce, “Ku rantse mini ba mai gaya mata. Kwana nawa ya rage mata? Ku bar ta ta mutu da ɗanta.” Hansatu ta ce ita ba za ta faɗa ba, amma ba za ta rantse ba, don in Inna ta dube ta ta tambaya, ba ta da sauran ƙarfin ƙarya. Sirajo ya ce, “Abin da ta roƙe mu shi ne kada ta tafi ba ta sani ba. Abin da ke hannunta yanzu ba sani ba ne, kuskurena ne, ni na kai mata. Kuma wannan bawan Allah da ke kwance da sunanmu, shi ma wata ce ta haife shi.” Mamuda ya ce, “Ka san wata ɗin? Za ka iya nemo ta?” Sirajo ya ce a'a. Mamuda ya ce, “To wa ka taimaka?” Washegari da hantsi Sirajo ya shiga wurin uwarsu.

Ya tarar tana tsince wake a faifai. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, bai ɓoye nasa ba, bai ɓoye na kowa ba. Ta saurara har ya gama, hannunta bai bar waken ba. Can ta ce, “To ina nawa?” Ramin ya rufe ya cika da ruwa, mai shigarsa ba shi da ƙafa, direban da ya ce ya gan shi a tasha ya rasu tun bara. Da la'asar ba ta fito da kujera ba, don ba ta san inda za ta fuskanta ba. Da yamma ta ɗauko kwanon Sabitu inda ta kife shi, ta zuba tuwo ta rufe. Ni wannan wurin ne ba na son kaiwa in ina ba da labarin nan, wallahi har yanzu yana sosa mini rai.

Kwana ashirin da shida ta ƙara a duniya. Ranar da za ta cika, ukun suna zaune gefenta. Idonta a rufe yake, ba ta dubi kowa ba, ba ta nuna kowa ba. Ta ce, “Ku uku. Guda na gode. Guda na yafe. Guda kuwa na bar wa Allah.” Hansatu ta ce, “Inna, wa da wa?” Tsohuwa ta yi kalmar shahada, ba ta ƙara cewa komai ba. Kun san nauyin uwa ta ce ta bar ɗanta wa Allah, ba sai na fassara muku ba.

Ga Mamuda. Ba don shi ba, da ba ƙashi, ba haƙori, ba gwaji. Ya ba da ƙafarsa. Daga hannunsa watanni biyar na salama suka fito, su kaɗai ne daɗin da tsohuwa ta ji a ƙarshen rayuwarta. Amma daga hannun nan nasa ƙaryar ta shiga ƙashi, kuma da gaskiya ta bayyana, shi ne ya nemi a rantse a rufe uwarsa cikin duhu, bayan abin da ta roƙa da bakinta.

Ga Hansatu. Ba don ita ba, da an san gwajin farko ya ɓaci amma ba a san komai bayan haka ba, har abada. Ta ba da abu ɗaya tilo da take gani na ƙaninta ne aka niƙe, ta tona asirin kanta a gaban 'yan'uwanta. Amma ta taɓa gawa ta ɗauki abin da ba nata ba, ta ga alama tun da wuri ta yi shiru, ta bar uwarta tana addu'a wajen kabarin baƙo. Kuma haƙorin da ta fito da shi ne ya rushe abin da ya rage wa tsohuwa.

Ga Sirajo. Ba don shi ba, da ƙashi ƙashi ne kawai, da haƙori yana nan a gwangwani. Ba wanda ya kama shi da kuskure, shi ya kama kansa, alhali da ya yi shiru ba mai sani har tashin kiyama. Shi kaɗai ya cika wa uwar alkawarin kada a yaudare ta. Amma kunyarsa ce ta karɓi haƙarƙari, gaggawarsa ce ta bugo waya, ya ɗora ta a kan tudu sannan ya zo da kansa ya ture ta, kuma gaskiyar da ya kawo ba ta nuna mata inda ɗanta yake ba.

Tun ranar da aka binne Inna Marka, ukun nan ba su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Ba faɗa suka yi ba. Kowannensu dai yana ganin shi ne na ukun, kuma yana tsoron ya dubi ɗan'uwansa ya ga haka a idonsa. An cire alamar da ke kan kabarin, Mamuda ne ke zuwa da sandarsa yana cire masa ciyawa. Sabitu kuwa har yau shiru.

To, jama'a, ga shi nan na ajiye. Kai Malam Buhari, tunda ka wartsake, da kai za a fara. A cikin Mamuda da Hansatu da Sirajo, wa tsohuwa ta gode wa, wa ta yafe wa, wa kuma ta bar wa Allah?